Rariya Tsakanina da Yaya

Litinin, da hantsi

Anti, matar Yaya, ta kira ni tun ban gama shirin fita aiki ba. Ta ce yatsan Yaya ya motsa. Na ce Anti, ai hannun nan rawa yake yi kullum tun da aka kwantar da shi. Ta ce a'a, Auta, wannan daban ne, na sa tafina a ƙarƙashin nasa, na ji ya danna ni. Ta ce ido ba ya gani, sai dai fata ta ji.

Na yarda da ita. Matar da ta yi makonni tana kwana a kujerar roba gefen gadon mijinta ba za ta kasa bambanta rawar hannu da dannawa ba.

Sai dai likitoci ba sa aiki da abin da fatar Anti ta ji. Babbar likita ta gaya mata ba ɓoye-ɓoye: sashen da Yaya yake na masu farfaɗowa ne, gadajensa kaɗan ne, ana riƙe wanda ya nuna yana ji kuma yana amsawa da niyya. Wanda bai nuna ba, ƙarshen wata za a mayar da shi ɗakin jinya na can baya, inda ake juya mutum, a goge masa jiki, a ba shi abinci ta roba, shi ke nan. Ba gashin ƙashi, ba mai koya masa komai.

Mutum ɗaya suke bari a wurinsa, kuma asibitin tafiyar yini ce daga nan. Ni da Umma sai dai ta waya.

Ba zan rubuta ranar da abin ya same shi ba. Littafin nan na abin da zai zo ne.

Litinin, bayan la'asar

Wallahi dabara ta faɗo mini ina tsakiyar yanke tarin wani baƙo daga shirin lafiya!

A kwamfutar ƙaramin situdiyonmu na gidan rediyo akwai manhajar da nake wasa da ita idan aiki ya lafa. Farin allo ne kawai. Ka zana akwati, ka rubuta masa aikinsa, ka ja igiya daga gindinsa zuwa kan wani akwatin. Wannan ya haifi sauti, wancan ya ƙara masa kauri, na ƙarshe ya kai shi lasifika. A cikin akwatunan akwai wani da ban taɓa ko kallonsa ba. Aikinsa kawai ya zauna ya saurari saƙon da zai zo ta intanet.

To idan Anti ta sa waya a ƙarƙashin yatsan Yaya fa? Duk sa'ad da ya danna, wayar ta aiko da lamba, akwatin ya karɓa, ni kuma in mayar da lambar ta zama dukan ganga. Ganga fa! Mutumin da ya yi shekara da shekaru zaune bayan ganguna a ƙungiyar kiɗa, yana hana maƙwabta barcin rana. In likita ba ta yarda da fatar Anti ba, ai za ta yarda da kunnenta.

Na tafi da gudu wajen Dogo, mai kula da intanet ɗinmu. Ya ce, "Ke Almakashi, zauna mana, tsaye ake magana?" Haka yake kirana don aikina yanke-yanke ne. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce saƙo daga waje ba ya shigowa sai an buɗe masa ƙofa a na'urar intanet, kowace ƙofa kuma da lambarta. Na ce to buɗe. Ya ce sai shugabar sashe ta yarda. Na ce ta yarda. Ƙarya na yi, amma na je na same ta daga baya, kuma ta yarda ɗin.

Talata, da safe

Na aika wa Anti tsohuwar wayata ta hannun direba, na sa mata manhaja mai babban madanni guda ɗaya da ya cika fuskar wayar. Umma ta ce, "Ke dai ba kya zama." Amma ita ta naɗe wayar da ɗankwalinta don kada ta fashe a hanya.

Jakar Yaya da aka kawo mana har yau tana bayan ƙofa. Muna sharewa mu kewaye ta.

Laraba, da azahar

Shiru. Anti tana dannawa can, ni ina kallon allo nan, ko ƙuda bai gifta ba.

Laraba, gab da magariba

Shiru har yanzu. Na duba lambar ƙofa ya fi a ƙirga. Na zargi Dogo, na zargi intanet na asibiti, na zargi babban yatsan Anti. Ita kuma ta ce, "Auta, ni fa na danna har yatsana ya yi zafi, mutane sun fara kallona."

Alhamis, da hantsi

YA ISO!

Ashe saƙo iri biyu ne. Akwai mai tsayawa ya yi sallama, sai an amsa ya shigo. Akwai kuma mai jefowa ta kan katanga ya yi gaba, ko an tsinta ko ba a tsinta ba. Wayar tana jefowa, akwatina kuma yana zaune yana jiran mai sallama. Na sauya masa, na rataya masa wani ƙaramin akwati a ƙasa mai nuna duk abin da ya shigo. Na ce Anti danna.

Lamba ta bayyana. Wata 'yar lamba baƙa a gefen allo, wadda ta taso daga yatsan Anti, ta ratsa duk tafiyar nan, ta sauka a gabana kafin in rufe baki. Na yi ihun da ya shiga babban situdiyo ana tsakiyar labarai. Shugabar sashe ta leƙo da fuska a murtuke, ta ga ina rawa ni kaɗai da abin ji a kunne, ta ja ƙofa ta koma.

Na haɗa igiyar da gangar da na gina, mai kauri irin wadda yake takawa da ƙafa. Anti ta danna. Dum. Ta ji ta wayarta, don na ajiye tawa a bakin lasifika. Ta ce, "La ilaha! Ni na yi wannan?" Ta danna ta danna har nas ta zo ta yi mata magana.

Alhamis, bayan la'asar

An sa wayar a ƙarƙashin yatsan Yaya.

Kamar ruwan sama a kan kwano. Lambobi suka riƙa zubowa ba tsayawa, gangar ta zama gurnani, sai da na rage murya. Rawar hannun ce duk take shigowa. Amma ban karaya ba, don na lura da wani abu: yawancin lambobin ƙanana ne, marasa nauyi, sai jefi-jefi wata babba ta faɗo a tsakiyarsu. Ƙananan rawa ce. Manyan shi ne. Shi ne, wallahi, na san shi ne.

Gobe zan saka rariya.

Juma'a, da safe

Wannan kam sana'ata ce. Na sa akwati tsakanin mai karɓa da ganga, na ce masa duk lambar da ba ta kai nauyi kaza ba, zubar. Nan take ruwan ya ɗauke. Sai dum. Shiru. Dum.

Sai dai wasu dukan suna zuwa da i'ina, biyu a manne, daram, kamar yatsan ya zame ya sake taɓawa. Kunnena ba ya jure irin wannan. Na ƙara akwati na biyu, na ce masa in duka ya wuce, ya rufe ƙofa kusan rabin daƙiƙa kafin ya bar wani ya shigo. Yanzu tas yake fita. Dogo ya saurara ya ce, "Kai, Almakashi, ko a faifai sai haka."

Na gaya wa Anti ta sanar da shi: ɗaya eh, biyu a'a. Na gwada da wayata a nan. Dum, eh. Dum, dum, a'a. Lafiya lau yake aiki.

Asabar, da hantsi

Don murna rubutun ma ba ya zama a layi.

Anti ta sunkuya ta ce, "Kana jina?"

Dum.

Ta ce, "Ka san ni ce?"

Dum.

Sai ta fashe da kuka, ni ma na taya ta, muka yi ta yi ta waya kamar yara. Da muka natsu ta ci gaba. Kwanciyar ta yi maka daɗi? Dum. A bar tagar a buɗe? Dum. In shafa maka man zafi a ƙafa? Dum. In kunna maka shirin su Auta? Dum.

Yaya yana magana! Na fita tsakar gidan rediyo na gaya wa mai gadi, na gaya wa mai shara, na gaya wa wani baƙo da ya zo hira kan noman rani. Baƙon ya ce Allah ya ƙara sauƙi, yana ja da baya.

Lahadi, da yamma

Na ɗauko wa Umma sautin a waya. Ta saurara, ta ce a sake. Na sake. Ta ce a sake. Ta ci abinci yau har ta nemi ƙari.

'Yan ƙungiyarsu sun zo gaisuwa, waɗanda za su iya zuwa. Na kunna musu. Mai busa ya rufe fuska da hula, ya daɗe bai cire ba. Ba wanda ya ambaci hatsarin motar, ba wanda ya ambaci sauran.

Ba zan rubuta ranar nan ba.

Talata, da safe

Yau babbar likita za ta gwada da kanta. Na zo tun kafin a buɗe ofis, na share teburin, har lasifikar na goge kamar za ta gan ta.

Talata, da azahar

Ba na son rubutawa.

Talata, bayan la'asar

To bari in rubuta, in ba haka ba kaina zai fashe.

Matar ba ta da laifi, a hankali ta yi magana. Ta ce, "Kana jina?" Dum. Ta ce, "A asibiti muke?" Dum. Ina nan bakina har kunne. Sai ta ce, "A cikin jirgin ruwa muke?"

Dum.

"Kai mace ce?"

Dum.

"Kana da ƙafa uku?"

Dum.

Na ji ta numfasa. Ta ce wa Anti, jiki yakan motsa idan ya ji murya, wannan ba amsa ba ce. Ta ce ta ga iyalai da yawa sun yi irin wannan fatan, kuma ba ta raina ƙoƙarinmu ba. Ƙarshen wata yana nan yadda aka ce.

Anti ta kashe wayar kawai. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Laraba, da safe

Ban gaya wa Umma ba. Ta tambaye ni, na ce likita tana nazari.

Alhamis, da hantsi

Na yanke shirye-shirye biyu, ban san me ke cikinsu ba.

Juma'a, lokacin cin abinci

Wayyo ni! Wayyo ni Auta!

Kowa ya fita cin abinci, ni ina zaune gaban akwatunan nan ina hararar su. Wayata tana kan tebur, a haɗe take tun ranar gwaji. Don haushi sai na riƙa ƙwanƙwasa ta da yatsa, sauri-sauri, yadda mutum yake yi wa tebur in ransa ya ɓaci. Na ƙwanƙwasa biyu. Lasifika ta ce dum. Na sake biyu. Dum.

Na janye yatsana daga wayar.

Ranar da na gwada a'a, a natse na yi, dum, na huta, dum, irin na mai aikin ofis. Wane mai ganga ne yake duka biyu haka? Biyun mai ganga a manne suke zuwa, daram, na biyun yana kan dugadugan na farko. Hannunsa bai san wani biyu ba bayan wannan. Kuma na ji shi da kunnena ranar farko! Na ji, na ce i'ina ce, na sa akwati ya cinye ta, yadda nake cinye i'inar baƙi kullum.

Ke nan tun ranar Asabar in ya ce a'a, ni nake mayar masa da ita eh. Jirgin ruwan, ƙafa ukun, duka. Wataƙila yana can yana buga a'a da iyakar ƙarfinsa, yana jin lasifika tana ƙaryata shi a gaban likita.

Na danna akwatin nan na goge shi. Na ja igiya daga rariyar nauyi kai tsaye zuwa ganga. Aikin ƙiftawar ido.

Na kira Anti ina haki. Ta ce zazzaɓi ya rufe shi tun jiya, nas ta ce a ƙyale shi, hannun ma a sake yake. Na yi mata bayani duk da haka, na maimaita, na sake maimaitawa. Sai ta ce, "Auta, kin tabbata? Ba zan iya sake jin abin da na ji ranar Talata ba."

Na ce ban tabbata ba. Abin da akwatin ya zubar ya zubu, ban ajiye ko ɗaya ba. Amma jikina yana ba ni.

Asabar, da yamma

Zazzaɓi.

Lahadi, da yamma

Zazzaɓi bai sauka ba. Na gaya wa Umma komai, har da akwatin. Na ɗauka za ta yi faɗa. Sai ta ce, "Tun kina ƙarama ba kya ganin zare ya fito a riga ki bar shi." Ta ce in an sake gwaji da ita za a yi, ko da rarrafe za ta hau matakalar gidan rediyon nan.

Litinin, da azahar

Anti jaruma ce! Ta tare babbar likita a bakin ɗaki, ta hana ta wucewa. Ta ce mata ita ba ta san akwati ba, ba ta san igiya ba, amma ƙanwar mijinta ta yi kuskure kuma ta gyara, a ba su dama ɗaya. Likitar ta ce Laraba da safe za ta tsaya in zazzaɓin ya sauka. Alhamis ake sauya gadaje.

Ina ta zagaye situdiyo. Dogo ya ce in na ci gaba haka zan huda kafet.

Talata, bayan la'asar

Ya sauka! Amma barci yake ta yi, ba mu samu gwadawa ba. Gobe a gaban likita za mu fara ji, mu da ita lokaci guda.

An ɗauke wuta, na'urar intanet ta tashi da sabon adireshi, saƙo ya daina zuwa. Na kusa cin Dogo ɗanye. Ya gyara, ya ce gobe a kan na'urar zai zauna kamar kaza a kan ƙwai.

Laraba, da hantsi

Bari in bi a hankali, kada in tsallake komai.

Umma ta hau matakalar, tana hutawa tana hawa, Dogo yana riƙe da jakarta. Na zaunar da ita a kujerata, na tsaya a bayanta. Ta kalli allon ta ce, "Wannan zanen ne duk abin?" Na ce shi ne.

Muryar likita ta fito ta waya. "Kana jina?"

Shiru. Ƙananan lambobi suna ta zuba a gefen allo, babba ba ta zo ba. Na ce shi ke nan, ya gaji da mu, ya daina.

Dum.

"A cikin jirgin ruwa muke?"

Daram.

Ban san lokacin da na damƙe kafaɗar Umma ba. Likitar ta ce, "A asibiti muke?" Dum. "Kana da ƙafa uku?" Daram. Ta riƙa jujjuya tambayoyin, ta kawo na eh a jere, ta soko na a'a a tsakiya, ta koma baya ta sake. Bai faɗi ko ɗaya ba. Can ta ce, "Ranar Talatar makon jiya, haka ka amsa mini?" Dum. Da ƙarfi, lambar da ban taɓa ganin girmanta ba.

Sai na ji ta ce wa nas, "Wannan gadon ba a taɓa shi. A kira masu gashin ƙashi yau."

Dogo ya fita da gudu yana ihu a baranda. Shugabar sashe ta shigo za ta yi faɗa, ta ƙare da rungume Umma.

Da likita ta tafi, Anti tana dariya tana kuka ta ce bari ta sake tambayoyinta na kwanaki. A bar tagar a buɗe? Daram. Innalillahi, bawan Allah yana ta shan sanyi duk kwanakin nan! Man zafin fa? Daram. Kwanciyar ta yi daɗi? Daram. Shirin su Auta? Daram, daram. Na ce Yaya, wannan kuma sharri ne, ni nake gyara shirin nan. Ban taɓa jin daɗin a'a irin na yau ba. Anti ta rufe taga, ta sauya masa matashi, ta ce man zafin nan kuwa yau zai ga kwandon shara.

Duk wannan Umma tana zaune a kujerata. Da hayaniya ta lafa sai ta ce mini, "In na yi magana zai ji?" Na matso mata da wayar.

Ta ce, "Babana, ni ce."

Dum.

"Kana jin ciwo?"

Daram.

Ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana kallon lasifikar, sannan ta rage murya yadda take yi in ba ta son mu ji.

"Kana jin tsoro?"

Na tsaya ina jiran na biyun. Na kafa wa allo ido, na ce zai zo, yanzu zai biyo baya a manne. Babu wani akwati da zai cinye shi yanzu. Bai zo ba.

Dum ɗaya ne.

Umma ta ɗora tafinta a kan lasifikar. Ta ce, "To ina nan. Ba inda za ni." Ta juyo ta ce in je in gaya wa shugabata a nemi wani ɗakin a yi aikin yau, wannan akwai mutum a ciki.

Na je na gaya mata. Yanzu a baranda nake rubutu, a kan gwiwata.